Asabar, wanki da saksofon ɗin Albert Ayler

Tun asuba aka ɗauke wuta. Na tara wanki a baho, na cusa abin sauraro a kunne, na kunna abin da na yi mako guda ina ɗaga wa ƙafa: wasan da Albert Ayler, mabushin saksofon na kiɗan jazz ɗan Amurka, ya yi a kudancin Faransa, a gidan adana zane-zane na Fondation Maeght da ke garin Saint-Paul-de-Vence, daren 25 da na 27 ga Yulin 1970.

Na daɗe da sanin wannan wasa, amma guntu-guntu. Kamfanin Shandar na Faransa ne ya fara fitar da shi a faifai biyu, kashi na ɗaya da na biyu, kuma su na saba ji tun ina ɗalibi. A 2022 kamfanin Elemental Music ya koma kan ainihin naɗin da gidan rediyon gwamnatin Faransa ya yi, ya fito da dararen biyu cif da sunan Revelations, sa'a huɗu da ɗoriya. Tsawon ne ya sa nake ta jan jiki, don sa'a huɗu na Ayler ba a yi musu shan fura.

Ina cikin cuɗa wuyan riga waya ta zame, abin kunnen ya cire, sauti ya cika tsakar gida daidai inda saksofon ke ƙugi. Uwargida ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu ta ce, "Maigida, lafiya? Wa ake yankawa?" Na yi dariya har kumfa ta shige min ido. Ban ga laifinta ba. Ni ma ranar da na fara jin Spiritual Unity, faifan da Ayler ya naɗa a 1964 tare da makaɗa Gary Peacock da Sunny Murray, cewa na yi mutumin nan bai iya busa ba.

Ashe gwani ne tun yana yaro a Cleveland. Mahaifinsa ne ya koya masa, tare suke busa a coci, kuma yana ɗan shekara 16 ya riga ya fara bin Little Walter, shahararren makaɗin blues, yawon kiɗa. Ya yi aikin soja a Faransa, cikin 'yan badujala. Duk wannan yana nan a busarsa in ka kasa kunne. Yakan fara da ɗan sauti mai sauƙi, irin na fareti ko na masu ibada, wanda yaro ma zai iya bi da fito. Sai ya riƙa maimaita shi yana girgiza shi, yana ja, har ya tsage ya koma ihu da gurnani, sannan can ya komo da kai kan ɗan sautin farko kamar ba abin da ya faru. Ɗan siririn abin nan na bakin saksofon da ke karkarwa in an hura, yawancin mabusa na kara suke sawa, shi kuwa na roba mai tauri yake amfani da shi, shi ya sa muryar ke fitowa da kauri haka. Wani wurin har takan tuna min da algaita a ƙofar fada, ko da yake kunnena ne kawai ya haɗa su.

Abin da ya tsaya min a rai yau daban ne. Na ɗauki shekaru ina jin tsofaffin faya-fayan nan biyu a matsayin bankwana, saboda na san ƙarshen labarin: wata huɗu bayan wasan, ranar 25 ga Nuwamba, aka tsinci gawarsa a kogin East River na New York, yana da shekara 34. Sai nake laluben baƙin ciki a kowace busa. Da na ji dararen a cike, mutumin da na tarar yana cikin nishaɗi ne. Mary Maria tana rera waƙa tana kuma busa ƙaramin saksofon, Allen Blairman yana kan ganguna, Steve Tintweiss yana jan ƙaton gogen nan da ake kaɗawa a tsaye, jama'a suna ta tafi sun ƙi barin su su sauka. Daren farko babu piyano, don mai kaɗa shi, Call Cobbs, bai iso ba, sai a na biyu ya zauna, kuma da shigarsa kiɗan ya yi taushi, ya ɗauki ƙamshin coci. Ni na fi son daren farkon, inda babu mai shimfiɗa wa Ayler tabarma, duk da na san da yawa za su musa min.

Gaskiya akwai wuraren da waƙar Mary Maria ta gundure ni, na tsallake biyu.

Da la'asar na shanya kaya, na je kasuwa sayen gawayi, na dawo. Wuta ta zo bayan magariba, na jona wayar da lasifika na sa ƙarshen daren 27. 'Yar autarmu ta ji sautin faretin, ta ɗauki murfin tukunya ta shiga zagaye tsakar gida tana buga ƙafa, uwarta na ce mata ta ajiye kafin ta lotsa shi.