Dirhamin Bagadaza a Tsibirin Gotland

Sa'a uku da 'yan mintuna muka yi cikin jirgin ruwa daga tashar Nynäshamn kafin Visby, babban garin tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin, ta bayyana, da jajayen rufin gidajenta da ganuwarta ta dutse. Ƙanena da ke karatu a Suwidin shi ya matsa mini mu je. Ni kuwa abin da na sani game da 'yan Viking, mutanen wannan yanki na zamanin da, bai wuce mahara masu gatari ba, irin waɗanda suka afka wa gidan ibadar Lindisfarne a Ingila a 793.

Ganuwar ta tuna mini badalar Kano, amma ba 'yan Viking suka gina ta ba, sai a ƙarni na 13 aka ɗora ta. Muka wuce gidan tarihin garin. A ɗakin farko akwai dogayen duwatsu da aka sassaƙa wa hoton jiragen ruwa, iska ta cika filafilansu, mutane jere a ciki. Ban daɗe a nan ba.

Wurin wani tarin azurfa na zamanin Viking ne ƙafata ta ƙi ɗagawa. A 1999 aka tono ta a wata gona da ake kira Spillings: kilo 67, ciki har da awarwaro kusan 500, da tsabar kuɗi sama da 14,000, galibinsu dirhami ne na ƙasashen Musulmi. Na sunkuya daf da gilashin, sai ga rubutun Larabci irin na Kufi siriri: La ilaha illallahu wahdahu la sharika lahu. Tsikar jikina ta tashi.

"Yaya, kana iya karantawa?" in ji ƙanena.

"Karatun allo ne ai," na ce masa.

Ashe mutanen nan fatake ne kamar yadda suke mayaƙa. Sukan tsallaka tekun Baltik, su bi kogunan Rasha har kogin Bolga, inda Ibn Fadlan, ɗan tawagar Halifa Muƙtadir na Bagadaza, ya gamu da irinsu a 922. Ba ruwansu da abin da ke rubuce a jikin kuɗin, nauyi suke bi. Shi ya sa dirhami da yawa a gutsure suke: in ciniki bai kai guda ba, a datsa, a ɗora a ma'auni.

Abin da ya dame ni shi ne hajar da suka bayar. Akwai fatun dabbobin dawa, da zuma, da takubba, akwai kuma bayi, maza da mata da aka kamo daga garuruwan Silab, mutanen gabashin Turai. Masu sayen kuwa 'yan uwanmu ne Musulmi, kuma da kuɗin nan mai kalmar shahada suka biya. Na daɗe ina kallon wani rabin dirhami, ina tunanin ko ɗiyar wa aka auna da shi.

Mai dukiyar ya binne ta ƙarƙashin daɓen katako wajen 870, bai kuma komo ya ɗauka ba.

Watan Yuni ne, rana ba ta faɗi ba sai kusan ƙarfe goma. A bakin teku muka yi magariba, ƙanena ya ja mu, iska mai sanyi tana kaɗa mana riga.