Ƙarfen da ke ƙashin wuyana

Ƙashin wuyana na dama, wato wanda ya tashi daga ƙasan maƙogwaro zuwa kafaɗa, ya karye gida uku da na faɗi a babur, daidai tsakiya, inda dama ya fi karyewa. Kawu ya so a kai ni wajen mai ɗori, amma hoto ya nuna gutsattsarin sun hau juna, ƙashin ya gajarce fiye da santimita 2, tsinin ɗaya yana tokare fata. Likita ya ce irin wannan in aka rataye hannu kawai, yakan ƙi haɗewa ko ya haɗe a karkace.

Aiki iri biyu ya zayyana min. Ko a zura siririn ƙarfe cikin bargon ƙashin ta ɗan ƙaramin yanka, ko a buɗe wurin a shimfiɗa ƙarfe mai hudoji a ɗaure shi da sukurori. Na farkon na so saboda ƙarancin tabo, sai ya ce ya fi dacewa da karayar da ta rabu biyu cif. A irin tawa ba ya hana ƙashin juyawa ko gajarcewa, kuma yakan zame. Na yarda, aka shimfiɗa. Ƙashi kam ya haɗe, alhamdu lillahi.

Amma fa ƙashin wuya ba shi da tsokar da za ta rufe ƙarfe, balle ni da ba ƙiba gare ni ba. Da yatsa nake ƙirga kawunan sukurorin. Igiyar jaka ba ta hawa wannan kafaɗar, bel ɗin mota kuwa sai na cusa hankici a ƙarƙashinsa. Ƙasan tabon akwai wuri kamar tafin hannun yaro da ya mutu murus, saboda ƙananan jijiyoyin fata da ke gilmawa ta inda ake yankan.

Sai daga baya na ji ashe ana iya ɗora ƙarfen ta gaban ƙashin maimakon samansa, inda bai cika turo fata ba. Har yau abin na ci min rai.

In naka ya karye, ka tambayi likita ta ina zai ɗora ƙarfen, kuma nawa ne kuɗin cire shi. Cirewar nan tiyata ce sabuwa fil, da maganin barci da komai, ba a kuma yin ta sai ƙashi ya yi ƙwari, galibi bayan shekara guda. Kuɗinta nake tarawa yanzu.