Abin da na koya wajen zaɓar firamwok ga ofishinmu na Jidda

Ofishinmu ƙarami ne, aikinmu tarbar masu zuwa Umara daga Najeriya da Nijar: wa zai sauka filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ƙarfe nawa, wace mota za ta kai shi Makka, wane otal, yaushe za a wuce Madina. Da Excel da WhatsApp ake tafiyar da komai, har azumi ya zo aikin ya fi ƙarfinsu. Sai maigida ya ce in haɗa mana ɗan shafi na cikin gida, ya kuma gindaya sharaɗi: “Malam, ka yi abin da yaron nan zai iya riƙewa in ka tafi ganin gida.” Yaron ɗan ƙanwarsa ne, haihuwar Makka, ya ɗan taɓa Python a jami'a. Ni kuma na daɗe da kamuwa da son harsunan rubuta manhaja da ake gina komai da fankshin, wato ɗan aikin da ke karɓar bayani ya mayar da sakamako, inda ba a sauya bayani a wurinsa, sai dai a fitar da sabo daga tsohon.

Da Scotty muka fara, firamwok na harshen Haskell, wato kayan gina shafi da aka riga aka shirya. An kwaikwayo shi daga Sinatra na Ruby, kuma layuka kaɗan sun isa shafi ya bayyana a burauza. Yaron ya ji daɗi ranar farko. Da muka zo karanto sunayen baƙi daga rumbun bayanai, sai ga ActionM, ga liftIO, ga Text iri biyu da ba sa shiga wurin juna, kompaila mai fassara lambar da muka rubuta kuma na zubo ƙorafin da ni kaina sai na natsu nake gane inda ya dosa. Scotty ba shi da laifi a nan. Ƙarami ne da gaske, amma a kan Haskell yake zaune, wanda bai san monad ba kuwa, wato hanyar da Haskell ke jera ayyuka irin su karanto bayani, ƙanƙantar firamwok ba za ta raba shi da koyonta ba.

Phoenix na Elixir, wanda Chris McCord ya fitar da sigarsa ta 1.0 a 2015, akasin haka ne. Umarni ɗaya, mix phx.new, ya zuba maka fayil-fayil masu ɗimbin yawa, da Ecto mai magana da rumbun bayanai na PostgreSQL, da tsaro a shirye. Takardun bayaninsa sun fi na duk waɗanda muka duba. Sai dai yaron kan sauya abu ya yi aiki, in na tambaye shi dalili ya yi shiru.

A kan Clojure muka tsaya, harshen da Rich Hickey ya fitar a 2007, tare da Ring da Compojure, ƙananan kayan gina shafi a harshen. Abin da ya ja ni shi ne na iya zana masa dukan tsarin a bayan takardar jadawalin motoci. Buƙatar da burauza ta aiko tarin bayani ce kawai, da :uri da :request-method a ciki. Amsa ma haka, :status 200, :headers, :body. Abin da ke tsakani fankshin ne, ya karɓi wancan ya mayar da wannan. In kana son bincikar ko mutum ya shiga da kalmar sirri, sai ka rubuta wani fankshin ya lulluɓe na farko. Ya kalli takardar ya ce, “Yaya, shi ke nan?” Na ce shi ke nan. A ranar ya buɗe REPL, inda ake rubuta umarni a ga sakamako nan take, ya ƙirƙiri buƙata da hannunsa, ya miƙa wa fankshin ɗin, ya ga amsa ba tare da ya tayar da sabar ba.

To amma rashin nauyi yana da kuɗinsa. Kamar hayar ɗaki ne babu kaya, arha, sai dai katifa da labule duk a wuyanka. Ring na ajiye zaman mai amfani a ƙwaƙwalwar sabar in ba ka ce masa komai ba, saboda haka duk sake kunnawa sai kowa ya sake shiga. Kariya daga fom na jabu sai ka ɗauko ring-defaults ka sa da kanka. Jerin lulluɓin ma yana da ƙa'ida: in wrap-params bai riga wrap-keyword-params ganin buƙata ba, fom zai iso kamar babu komai cikinsa, kuma babu wanda zai yi maka gargaɗi. Tsohon hiccup.core, wanda ke fitar da HTML ɗin shafi, ba ya tsabtace rubutun da aka shigar kafin ya sa shi a shafi, hiccup2 ne ke yi. Phoenix ya riga ya yanke maka irin waɗannan hukunce-hukuncen. A nan kuwa sai na rubuta su a takarda guda na manna kusa da kwamfutarsa.

Wani alfanu kuma ba daga firamwok ɗin ya zo ba, daga abin da ke ƙarƙashinsa ne. Clojure na gudana a kan injin Java, kuma tun Java 8 na 2014 akwai HijrahDate mai bin kalandar Ummul Ƙura. Baƙinmu ba sa cewa ranar kaza ga Maris, cewa suke “goman ƙarshe”, ko “bayan Sallah da kwana biyu”. Layi biyu suka ba mu kwanan watan Hijira kusa da na Miladiyya. Ummul Ƙura lissafi ce, ganin wata na iya saɓa mata da kwana guda, sanarwar Sarkin Musulmi a gida ma wani lokaci ta bambanta da ta nan, don haka muka bar wa mai shigar da bayani damar gyarawa da hannu. Sunaye da Larabci da masu ƙ da ɗ duk sun zauna lafiya da muka tabbatar komai UTF-8 ne tun daga rumbu har shafi.

Har yanzu yaron na tsorata da doguwar jelar kuskuren Java, na koya masa ya nemi layin farko da ke ɗauke da sunan fayil ɗinmu ya manta da sauran. Masu iya Clojure kuma ba su da yawa a Jidda, na faɗa wa maigida wannan tun farko. In wata rana ya ce baƙi su riƙa buɗe asusu suna biyan kuɗi ta shafin, Phoenix zan koma, don ba na son in zama ni ke haɗa tsaron kuɗin mutane guntu-guntu.