Abin da bencin baya ya koya mini game da fim ɗin samurai

A gidajen kallonmu, duk fim ɗin da aka zare takobi a cikinsa, in dai daga gabashin Asiya ya fito, sunansa Chanis. Ba ruwan kowa da ko na Sin ne, ko na Koriya, ko na Jafan. Sana'ata ɗora wa irin waɗannan finafinai murya da Hausa, kuma tun da na fara na saba zuwa in zauna a bencin baya daren da za a haska abin da na fassara, domin a can kaɗai ake gane ko magana ta shiga. A situdiyo daga kai sai makirfo. A gidan kallo kuwa kowa zai gaya maka ra'ayinsa ba tare da ya san kai ne ba: wani da tsaki, wani da tafi, wani ya miƙe ya fita sayen ruwan leda ana tsakiyar magana.

Finafinan samurai, wato mayaƙan takobi na Jafan na zamanin da, musamman waɗanda ake ɗora wa wasu 'yan tsirarun mutane aikin kashe wani babba, su suka fi koya mini aiki. Wanda na fi ganin tasirinsa a fuskokin mutane shi ne 13 Assassins na Takashi Miike, da ya fito a 2010, ya kuma shiga gasar bikin finafinai ta Venis a shekarar. Labarin yana faruwa ne a 1844, gab da ƙarshen mulkin gidan Tokugawa, wanda ya riƙe Jafan tun 1603 daga birnin Edo, Tokiyo ta yau. Sarkin lardin Akashi, Naritsugu, ƙanen shogun ne, wato sarkin yaƙin da mulkin ƙasa ke hannunsa, saboda haka ba kotun da za ta taɓa shi komai ya aikata, ga shi ana shirin shigar da shi majalisar ƙoli. Sai wani babban ɗan majalisa ya kira dattijon samurai Shinzaemon a asirce ya ce a kawar da shi. Dokar lokacin ta tilasta wa sarakunan larduna su riƙa kai da komo tsakanin Edo da ƙasashensu, to a kan hanyar nan kaɗai za a iya tare shi.

Abu na farko da masu gidajen kallo ke roƙona a kan irin wannan fim shi ne in rage gaba. "Oga, mutanen nan zama kawai suke yi a tabarma suna magana. A kai mu wurin sara." Ina gane damuwarsu, domin kusan awa guda ake yi ba a yi wani faɗan kirki ba, alhali yaƙin ƙarshe shi kaɗai ya kai wajen minti 45. Amma na zauna cikin waɗanda suka kalla tun daga farko, na kuma zauna kusa da waɗanda suka shigo a makare, kuma kamar ba fim ɗaya suka gani ba.

Akwai wurin da ake kawo wa Shinzaemon wata yarinya, 'yar wani jagoran manoma da suka yi bore. Naritsugu ya sa an yanke mata hannuwa da ƙafafu, an cire harshenta. Aka tambaye ta me ya faru da danginta. Aka sa mata alƙalami a baki, ta sunkuya a kan takarda tana rubutawa da kai, hawaye da jini suna zuba, cewa an kashe su kaf. A daidai nan gidan kallo kan yi tsit, sai ƙarar janareto. Na ga wani ƙato mai sayar da katako, wanda tun da aka fara yake ɓare gyaɗa, ya tsaya da ƙwaya a hannu bai kai baki ba, yana maimaita innalillahi a hankali. To can a ƙauyen Ochiai, bayan Shinzaemon da mutanensa, su goma sha uku, sun mai da garin tarko, sun datse hanyoyi da shingaye, sun tashi gada da albarushi, Shinzaemon yakan hau rufin ɗaki ya warware takardar nan a gaban rundunar azzalumin. Wanda ya ga yarinyar ba ya iya zama a wurin nan. Benci kan girgiza, ana ihu, ana buga ƙafa. Wanda ya shigo a makare kuwa sai ya taɓa na kusa da shi ya ce, "Ɗan'uwa, me aka rubuta?" Ya sami duk jinin da ya zo nema, amma bai sami abin da ya tayar da sauran tsaye ba. Kamar dambe ne: mutum ya iso bayan kiɗa da kirari sun wuce, bai san wa ke bin wa bashi ba, sai ya ga mutum biyu kawai suna dukan juna.

Tun daga nan na daina yarda da maganar da ake yawan yi cewa 'yan kallonmu jini suke so. Ƙara suke so a shigar a gabansu, a kawo shaida, su yanke hukunci da kansu, sannan a zartar. Saboda haka ƙarfina duka a awa ta farko nake zuba shi. A wurin yaƙi kusan shiru nake yi, takobi ya ishe shi.

Wuri mafi wuya a wajena shi ne buɗewar fim ɗin, inda wani babban bafaden Akashi ke durƙusawa a ƙofar gidan ɗan majalisa ya farke cikinsa da wuƙa. Musulmi ba zai ga wannan ya yi shiru ba, kuma bai kamata ya yi ba. Nan take za ka ji "A'uzubillahi, ya kashe kansa!" In na bar shi haka, an ɗauke shi mahaukaci, an rasa zaren labarin tun ba a je ko'ina ba. In na ƙawata shi da kalmomin jarumta, na yi wa addinina da masu saurarona rashin adalci. Abin da na koya shi ne in faɗi ma'anarsa a wurinsu, a taƙaice, ba yabo ba zagi: a tsarin samurai, bara ba shi da bakin da zai kai ƙarar ubangidansa, to wannan takardar koke ce ya bari, ya sa mata hannu da ransa don kada a iya jefa ta a kwando. Da an ji haka sai tsakin ya koma tausayi. Ba wanda ya yarda da aikin, amma an gane irin matsin da ya kai mutum gare shi.

Son sanin yadda su Jafanawan ke kallon abin ya sa na koma karatu. Fim ɗin Miike sabuntawa ne na wanda Eiichi Kudo ya yi wa kamfanin Toei a 1963, baƙi da fari. Bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da Amurka ke riƙe da Jafan daga 1945 zuwa 1952, an taƙaita finafinan da ke ɗaukaka ramuwar gayya da biyayyar bara ga ubangida. Da aka saki mara, faɗan takobin da ya cika sinimomi mai tsafta ne, kamar rawa: jarumi ya sare mutum ashirin, rigarsa ko ɗigo. Sai Akira Kurosawa ya zo a 1961 da 1962 ya sa aka ji ƙarar ƙarfe na shiga nama, aka ga jini na tsartuwa, kuma daga nan tsohon salon ya fara yi wa mutane kama da wasan yara. Ga talabijin tana kwashe jama'a: a 1958 an sayar da tikitin sinima sama da biliyan ɗaya a Jafan, zuwa 1963 ya ragu da fiye da rabi. Kuma waɗanda suka shiga kallo a 1963 ba su ɗauki kashe babban mutum da takobi tatsuniya ba. A Oktoban 1960 wani yaro ɗan shekara 17 ya soke shugaban jam'iyyar Soshalis, Inejiro Asanuma, da gajeren takobi a kan dandamali a Tokiyo, kyamarori suna ɗauka.

A 2010 ma akwai abin da ɗan Jafan ya gani wanda mu ba mu gani ba. Goro Inagaki, wanda ya fito a Naritsugu, a lokacin mawaƙi ne na ƙungiyar mawaƙa ta SMAP, fuskar da suka saba gani a talabijin tana murmushi. Ganin wannan fuskar tana harbin ƙaramin yaro da kibiya ba tare da ta canza ba wani firgici ne daban. A wurinmu bos ne kawai mai farar riga. Ba abin da murya ta za ta iya yi a kan wannan, sai dai na ƙi ba shi kakkausar muryar da aka saba ba mugu. Na bar shi da taushin murya irin ta ɗan gata, kuma na lura an fi tsanar sa a haka.

Amma gardamar da ta fi daɗewa bayan an kunna fitila ba a kansa ake yin ta ba. A kan Hanbei ne, shugaban dogaransa. Ɗan kallonmu ya taso da ƙa'ida biyu: akwai akta akwai bos, kuma akta ba ya mutuwa. Hanbei bai shiga ko ɗaya ba. Abokin Shinzaemon ne tun suna koyon takobi a makaranta ɗaya. Ya san ubangidansa azzalumi ne, ana ganin baƙin cikin a fuskarsa, amma ya yi imani cewa samurai ba ya zaɓar wanda zai bauta wa, nasa kawai ya tsare. Har ya mutu a kan haka, a hannun abokinsa, wanda ya watsa masa taɓo a ido kafin ya sare shi. Sannan Naritsugu ya tako ya shure kan mutumin da ya ba da ransa dominsa.

A wurin shurin nan na ji zagin da ba zan rubuta ba. Bayan an tashi kuwa mutane suka rabu gida biyu a bakin teburin mai shayi. Samari na cewa Hanbei wawa ne, ɗan koren azzalumi, abin da ya samu shi ya dace da shi. Wani dattijo, tsohon direban wani attajiri, ya ajiye kofinsa ya ce, "Yara, ba ku taɓa cin gishirin mutum ba. Wanda ka ci abincinsa shekara talatin, ranar wuya ba ka gudu." Wani matashi ya amsa da ladabi, "Baba, ko da yana yanka mutane?" Dattijon ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi da zai gaya masa gaskiya, in ya ƙi ji ya ajiye masa makullinsa ya tafi, amma ba zai ɗaga masa hannu ba. Wani malamin islamiyya da ke gefe ya ce ba a yi wa abin halitta biyayya a saɓa wa Mahalicci, kuma tsare azzalumi da takobi shiga zaluncin ne. Aka kuma komo kan Shinzaemon: wa ya ba shi izini? In kowa zai yanke wa shugaba hukuncin kisa a ɗaki, ina ƙasa za ta tsaya?

Ni ina ganin Hanbei ya yi kuskure, amma ba na yarda in mai da shi abin dariya, ko da yake na san dariya tana sayar da fassara. Jafanawa kansu sun shafe ƙarnuka suna wannan jayayya. Samurai 47 da suka rama wa ubangidansu a farkon ƙarni na 18, ta hanyar kashe babban jami'in fada Kira, gwamnati ta umarce su da su kashe kansu don sun karya doka, malaman zamanin suka yi ta saɓani a kan ko sun kyauta, amma har yau mutane na zuwa kaburburansu a wurin bauta na Sengakuji a Tokiyo, musamman ranar 14 ga Disamba. Tambayar da ƙasa guda ba ta rufe ba, ba ni da hurumin in rufe ta da barkwanci ɗaya. Aikina in ba kowane ɓangare hujjarsa da Hausar da za ta tsaya da ƙafarta.

Akwai kuma wani wuri da nake sauraro da kunne biyu duk lokacin da aka haska. Ana tsakiyar yaƙi, gawa ko'ina, 'yan kallo na kan ganiyar murna, sai Naritsugu ya dubi ɓarnar cikin sha'awa ya nuna bai taɓa ganin abin da ya burge shi haka ba, har yana fatan in ya hau majalisa ya dawo da zamanin yaƙe-yaƙe. Tafi kan ragu a nan. Mutumin da aka zo gani a kashe yana jin daɗin abin da muke jin daɗi. Ba kowa ke lura ba, amma na taɓa jin wani ya ce wa abokinsa, "Kai, wannan fa kallo yake yi kamar mu." Saboda wannan jimla nake karanta layin a hankali, ba na bari kiɗa ya danne shi. A ƙarshe mutum biyu ne suka rage cikin sha ukun, akta kansa ya faɗi, kuma waɗanda suka tsira ba su da fuskar masu nasara. Rubutun rufewa ya ce a hukumance an sanar cewa sarkin Akashi rashin lafiya ce ta kashe shi a hanya, kuma shekara 23 bayan haka mulkin shogun ya rushe.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa shi ne yara. Duk mai gidan kallon da ya karɓi irin wannan fim daga hannuna ina gaya masa a haska shi bayan Isha, kuma a tsaya a ƙofa. Babba yana ganin yarinyar nan da alƙalami a baki ya fahimci me ake gina masa. Yaro ɗan shekara goma hoton kawai zai ɗauka ya tafi da shi gida. Wasu kan ce ina rage musu ciniki, sai in ba su wani fim na rana kyauta a madadinsa.