Yadda na gano abin da ya hana injin wanke kwanukanmu ɗumama ruwa

Injin wanke kwanukan da ke gidanmu a Samaru na hannu ne, ƙirar Turai, irin wanda ba shi da allon nuna lambar matsala, sai 'yan fitilu ƙanana da maɓallin zaɓen nau'in wanki. Da hunturu ya kankama a watan Disamba, uwargida ta fara ƙorafin cewa farantai suna fitowa da santsin manja, kofunan gilashi kuma a jiƙe sharkaf, sannan sau da yawa akan tarar da dunƙulen sabulun bai gama narkewa ba. Sauran ayyukansa duk yana yin su yadda ya saba, domin yana jan ruwa, hannuwan fesa ruwa suna juyawa, yana kuma zubar da ruwan dauɗa a kan lokaci. Abin da ya ɓace shi ne tururin nan da ke bugun fuska idan an buɗe ƙofa bayan an gama wanki.

Da farko an ɗora laifin a kan sanyin ruwan tanki, kuma zargin yana da hujja, tun da duk wanda ya yi alwalar asuba a Zariya cikin hunturu ya san yadda ruwan da ya kwana a saman rufi yake. Sai dai akwai wata alama da ta hana ni yarda. A da, idan aka kunna injin a kan janareta, 'yan mintoci bayan fara wanki za a ji muryar janaretan ta sauya ya ɗauki nishi, saboda hita, wato abin da ke ɗumama ruwan injin, ta kama, kuma ita kaɗai tana jan kusan wat 2000. Yanzu kuwa daga farkon wanki har ƙarshensa muryar ba ta motsawa. Na sake gwadawa a kan wutar gari ina kallon jar fitilar mitar kati, wadda ke ƙara saurin ƙyaftawa idan an ɗora mata nauyi, ita ma ba ta sauya ba. Wannan ya tabbatar mini cewa hitar ba ta jan wuta ko kaɗan, abin da ya bambanta da a ce tana ja amma zafin bai isa ba.

Na kira wani mai gyara da aka yaba mini aikinsa a kan injin wanki da firji. Ya zo ya saurari bayani, ya sa hannu cikin ruwan injin ya ji shi da sanyi, sai ya ce: "Malam, ai wannan ba sai an wahala ba, hita ce ta ƙone." Akwai mitar gwaji a jakarsa, na gan ta da idona, amma bai ciro ta ba. Hitar irin wannan inji ba ƙarfen nan ba ne da ake gani a kwance a ƙasan ɗakin wanki, wani bututu ne na ƙarfe da ke ɓoye a ƙarƙashin injin, ruwa yana ratsawa ta cikinsa yana ɗaukar zafi. Ba mu same ta a Sabon Gari ba, sai daga Kano aka aiko da ita, kuma kuɗinta da na mota da ladan aiki sun kusa kai rabin abin da na sayi injin gaba ɗaya. Aka kwantar da inji, aka cire tsohuwa, aka ɗaura sabuwa, aka kunna. Ruwa ya fito da sanyinsa kamar jiya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maganar da ta biyo baya. Ba tare da ya auna komai ba a karo na biyun ma, sai ya ce to lallai fanel ne, wato allon lantarkin da ke sarrafa ayyukan injin, a nemo sabo ɗungurungum, ko kuma ya haɗe wayoyin na'urar kariyar zafi kai tsaye ya ga ko za ta tashi. Na sallame shi cikin mutunci, na roƙe shi ya bar mini tsohuwar hitar da ya riga ya sa a jakarsa.

Maƙwabcina malami ne da ke koyar da aikin lantarki, shi ya ara mini mita, ya kuma yi mini lissafin da ban manta ba. Wutar gida a ƙasar nan bolt 230 ce a ƙa'ida. Idan aka ninka 230 sau 230 aka raba da wat 2000, za a sami om 26 da ɗoriya (om shi ne ma'aunin yadda abu ke turje wa wucewar wuta), don haka lafiyayyar hita mai wannan ƙarfi za ta nuna tsakanin om 25 da 30, wadda ta ƙone kuwa ba za ta nuna komai ba domin zaren cikinta ya tsinke. Na ɗora bakunan mita biyu a kan ƙafafun tsohuwar hitar a kan teburin falo, ta nuna om 27. Na auna tsakanin kowace ƙafa da jikin bututun, babu hanyar wuta, ma'ana ba ta yoyon wuta zuwa gangar jiki. Hitar da aka yanke wa hukuncin ƙonewa lafiyarta ƙalau, kuma awon da ya nuna haka bai ci minti ɗaya ba. Da an yi shi ranar farko, da ba a aika ko sisi Kano ba. Har yau idan na tuna mitar nan tana kwance a jakar mutumin, raina yana sosuwa.

Maƙwabcin nawa ya ce mini hita ita ce tasha ta ƙarshe, kuma kafin wuta ta isa gare ta sai ta bi ta hannun abubuwa da dama, kowannensu yana iya tsare ta. Saboda haka na zare fulogi daga soket, na rufe famfon ruwa, na tsane ragowar ruwan da ke cikin injin da soso, na fara bin hanyar daga hita ina komawa baya. Zare fulogin wajibi ne, kashe maɓalli kawai bai isa ba, domin wuri ne da ruwa da wuta suke maƙwabtaka, gefunan ƙarfen kuma suna da kaifi.

Na'urar kariyar zafi, wadda ke yanke wuta idan hita ta yi zafin da ya wuce kima, ta nuna wuta tana wucewa ta cikinta, lafiyarta ƙalau. Ita ce mai gyaran ya so ya tsallake, kuma ina jan kunnen duk mai irin wannan inji kada ya yarda a yi masa haka, domin ranar da famfon da ke zagaya ruwa a cikin injin ya tsaya hita ta ci gaba da aiki babu ruwa, ita kaɗai ce tsakanin roba mai narkewa da gobara a kicin. Sai ma'aunin zafin ruwa, ɗan ƙaramin abu mai waya biyu da ke shaida wa fanel ko ruwa ya kai digirin da ake so. Adadin om ɗinsa ya danganta da kamfanin da ya ƙera shi, amma ɗabi'arsa ɗaya ce: idan ya ji ɗumi lambar tana sauka. Na tsoma bakinsa cikin ruwan ɗumi a kofi, lambar ta yi ta sauka a hankali ba tare da tsalle ba. Makunnin da ke tabbatar da ruwa yana zagayawa kafin a ba hita wuta shi ma yana aiki. Wayoyin da suka ratsa ta gindin ƙofa, inda buɗewa da rufewa kan karya su, babu wadda ta tsinke. Fanel kaɗai ya rage.

Fanel ɗin yana cikin ƙofa, a wani akwatin roba mai maƙalai. Kafin in zare kowace waya na ɗauki hotonta da wayar hannu, domin fulogan suna kama da juna ƙwarai. Ta fuskar da kayan suke, komai tsaf yake, babu kumburi babu ƙauri, kuma da a nan na tsaya da na ce fanel ɗin lafiya lau. Da na juya bayansa a hasken taga sai na ga wani baƙin zobe a kewayen ƙafa ɗaya. Ƙafar rile ce, wato ɗan baƙin akwatin nan mai maganaɗisu a ciki wanda ke ƙyas ya haɗa wa hita wuta idan fanel ya ba shi umarni. Dalmar da ta riƙe ƙafar ta tsage ta ƙone, har ƙafar tana motsi a cikin raminta idan an taɓa. Wurin duka bai fi ƙwayar gero biyu ba, amma shi ya tsayar da injin, shi ya sa aka sayi hitar da ba a buƙata, shi ne kuma ya kusa sa a sayi sabon fanel.

Dalilin ƙonewar ba ɓoyayye ba ne. Hita mai wat 2000 tana jan kusan amfiya 9 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudu a waya), kuma duk wannan wutar ta wannan siririyar ƙafa take bi. Kowane wanki dalmar tana ɗumama ta huce, shekara da shekaru, har ta yi ƙaramar tsaga. Da zarar ta tsage sai wurin ya riƙa tartsatsi yana ƙara zafi, zafin yana ƙara faɗaɗa tsagar, har ranar da hanyar ta yanke gaba ɗaya. Rilen yana ci gaba da ƙyas ɗinsa, injin yana zaton ya kunna hita, alhali wutar ba ta wuce ƙafar ba.

Ban yarda da hannuna a kan aikin dalma ba, don haka na ɗauki fanel ɗin na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari. Ya duba da gilashin ƙara girma, ya ce: "Malam, zan iya like maka ƙafar nan yanzu ka tafi, amma zafin da ya ci dalmar ya shiga cikin rilen ma." Na ce: "Baba, abin da ka ga ya fi, shi za a yi." Ya cire rilen, ya fasa shi a gabana ya nuna mini bakunan haɗuwar sun yi baƙi sun rarake. Ya karanta rubutun da ke jikinsa, ya nemo wani wanda maganaɗisunsa ke aiki da bolt iri ɗaya, mai ƙafafu iri ɗaya, mai ɗaukar amfiya 16, ya kankare gawayin da ke kan fanel ɗin har ya kai ga jan ƙarfe mai tsabta, ya ƙarfafa layin da guntun waya, sannan ya sake wa sauran ƙafafun da ke ɗaukar wuta mai nauyi dalma. Kankare gawayin nan yana da muhimmanci, domin wutar lantarki tana iya bi ta cikin gawayin ƙonannen fanel. Abin da na biya shi, da kuɗin rile da na aiki, bai kai kuɗin motar da ta kawo hita daga Kano ba. Dattijon nan ya auna kafin ya taɓa, ya sake aunawa bayan ya gama, kuma bai taɓa ganin injin wanke kwanuka a shagonsa ba.

Na mayar da komai bisa hotunan da na ɗauka, na zaɓi wanki mai digiri 65, na tsaya a gaban mitar kati. Bayan injin ya ja ruwa ya fara fesawa, na ji ƙyas daga cikin ƙofa, jar fitilar ta shiga ƙyaftawa da sauri. Da aka yi kamar minti ashirin na buɗe ƙofar a hankali, tururi ya taso. Na kira uwargida na ce: "Maman yara, zo ki taɓa farantin nan." Daɗin da na ji a lokacin yana da yawa, sai dai a gauraye yake da takaici, domin sabuwar hitar an riga an ɗaura ta ta sha ruwa, mai shago ba zai karɓe ta ba. Na bar ta a cikin injin, tsohuwar mai om 27 kuma tana cikin kwali a sito.

Buɗe injin ya nuna mini wasu abubuwa biyu da na gyara tun da hannu ya riga ya shiga. Cikin tsohon bututun hitar ya yi farin ɓawo daga ruwan rijiyar burtsatse, kuma irin wannan ɓawo yana hana zafi shiga ruwa har ya kai ga ƙona hita da gaske wata rana. Ramin gishirin da ke ƙasan injin, wanda aikinsa tausasa ruwa, ya daɗe babu komai a ciki, yanzu ana cika shi da gishirin da aka yi domin haka. Na biyu, injin yana kan wata doguwar waya mai soket huɗu tare da firji, fulogin kuma har ya fara sauya launi saboda zafi. Na sa an ja masa soket nasa na bango mai amfiya 13 da wayar ƙasa mai kyau.

Akwai kuma batun raunin wuta, wanda zai iya ruɗar mutum ya ɗauka irin matsalata ce ta same shi. Zafin hita yana raguwa fiye da yadda wutar ke raguwa: idan ta sauka daga bolt 230 zuwa 170, hitar da ke ba da wat 2000 ba za ta wuce wat 1100 ba, kusan rabi ke nan. A irin wannan hali ruwa zai yi ɗumi-ɗumi, wankin ya ja lokaci, kitse da man shanu su ƙi fita, alhali babu abin da ya lalace. Wanda ya ga haka ya fara auna soket ɗinsa da yamma, lokacin da unguwa duka ta kunna kaya. Mu dai yanzu a lokacin hunturu da rana tsaka muke kunna injin, sa'ad da ruwan tanki ya sha rana, kuma idan mita ta nuna ƙasa da bolt 200 sai a jira wutar ta daidaita ko a tayar da janareta.