Fom ɗin da na ƙi sa wa hannu

Shekaranjiya wani yaro da ke ƙarƙashina ya miƙo min fom, wai in shaida cewa ya shekara uku a aikin duba walda, don ya zauna jarrabawar CSWIP 3.1, ta samun takardar shaidar mai duba walda. Watansa 14 kacal. Na ƙi, ya fita yana ƙunƙuni. Ban iya yi masa faɗa ba, don ni ma ta wannan ƙofar na shigo.

An ƙara min shekaru a takarda, na yi hadda, na ci. To ya zan yi? Ga iyali, ga sa'o'ina duk sun yi gaba, kuma ba ni na fara ba. Haka nake lallashin kaina har yau. Aikina na farko bututun gas ne, ana bin API 1104, ƙa'idar waldar bututun mai da gas. Takardar WPS, wato ta tsarin yadda za a yi waldar, ta faɗi zafin da bakin ƙarfe zai kai kafin a fara walda. Ina zaune a inuwa, ban auna ba, ban kuma tsaya a kan zagayen farko na waldar ba, alhali shi ne tushen aikin. Na zo na ga sama sumul, na rattaba hannu. Da hoton eksire ya fito, ashe can ciki ƙarfe bai kama ƙarfe ba. Gaɓa shida aka yanke. Dattijon da ya gyara bai ce min uffan ba, tocila kawai ya miƙo min ya nuna cikin bututun. Da ma zagina ya yi.

Na so in jero muku shawarwari, amma ku yaran yanzu wa zai karanta? Ku dai hoto da hular kwano a Facebook.

Duk da haka, ku fara da CSWIP 3.0, matakin duba da ido, ku rubuta duk aikin da kuka yi, maigidanku ya sa hannu. Mai son CWI, takardar duba walda ta Amurka, in takardar sakandare kawai gare shi sai ya yi shekara biyar a aiki. Jarrabawar kashi uku ce, kowanne sai an samu 72 cikin 100, ga gwajin ido. Ku koyi karanta hoton eksire. Kada ku yi gaggawa. Amma kuma kada ku zauna, don na san masu walda da suka fi ni sani nesa ba kusa ba, rashin takarda ya sa har yau ni nake duba aikinsu.

Yaron dai gobe da asuba shi zai riƙe allin auna zafi, ina tsaye a kansa.