Kafin ka sayar da injin waldar nan

Ɗan ƙanena na tarar yana ciniki da ɗan gwangwan a kan injin walda da zarton da suka rage a garejinmu, wai zai haɗa jari ya fara sayar da motoci. Wautar da na tafka ke nan, ga ta tana neman maimaituwa a gabana.

Gidanmu maƙera bodin mota ne. Kamfani kai da casis, wato ƙashin mota na ƙarfe, kawai yake sayarwa, Bedford ko Marsandi 911, sauran aikin namu ne. Dogayen katako biyu ake shimfiɗawa a kan casis, a ɗaure su da ƙarfe mai siffar U. Ba a walda a jikin casis, ba a huda leɓensa, don ta nan yake tsagewa in an yi lodi an hau gargada. Sannan a gitta wasu, a yi daɓe da busasshen maɗaci ko loko. Ɗanyen katako kuwa hunturu ɗaya zai tsuke, notuna su saki, bodi ya riƙa kuka a hanya. In bodi ya zarce tayoyin baya da yawa, gaba ya yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana.

Wannan sanin na watsar. Amma a yi mini adalci: bayan SAP, shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sabuwar casis ta gagari mutane, kamfanonin haɗa motoci, Steyr na Bauchi da Fiat na Kano, suka ja baya, bodin ƙarfe ya kori na katako, motocin Kwatano suka cika gari. Wa zai zauna jiran aikin da ba ya zuwa? Laifina dai sallamar kafintoci da masu walda. Dilan da ba shi da gareji, duk motar da ta zo da tabo sai ya kai wa wani ya yanka masa kuɗi. To ko da na riƙe su, da me zan biya su? Har yau ban gama wannan lissafin ba.

Ribar dila sau da yawa ta baki ce. Ka sayar da riba, ka koma sayo irinta, kuɗin ya ƙi kai. Daga Yunin 2023 da aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Motar da ta yi wata shida a rana kuma, batir ya mutu, taya ta tsattsage.

Shawara goma na shirya, ga abin da ya rage. Ka gwada lambar casis da ta takardar kwastan harafi bayan harafi, don a Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa. Ka ɗaga kafet ka sansana, ka duba tsatsa a ƙarafan kujera, motar da ta sha ambaliya ba ta ɓuya a nan. Ka bi jikinta da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an yi ciko. Kada ka ba ɗan'uwa mota bashi.

Injin kuma kada ka sayar. Ko da yake, in har a haka zai zauna yana cin tsatsa ku kuna kan waya kuna ɗaukar hoto da motar da ba taku ba, gara ka sayar tun yana da daraja. A cikinku waye ma ya iya riƙe sandar walda?

Ɗan gwangwan dai ya ce zai dawo ranar Asabar.